Jirgi A Ɗakin Baba

Daren Larabar da ta wuce na ji jirgin sama ya tashi a cikin gidanmu.

Kada ku yi dariya, 'yan uwana masu karatu, ni ma da farko na zaci mafarki nake. Ƙarar ta faro ne can ƙasa-ƙasa kamar tsohuwar fanka, sai ta yi ta hawa tana sirancewa, har ta koma wani fito mai shiga haƙori. Na yaye bargo na zauna. Gidanmu ba kusa da filin jirgi yake ba. Wanda ke wucewa ta samanmu ma sai ka ɗaga kai ka nemo shi, ɗan tsito kamar allura. Amma wannan a cikin gida yake, bayan ƙofar ɗakin Baba. Na lalubo wayata a ƙarƙashin matashi, tana nan a kashe. To wa ya kunna?

Na tura ƙofar. Babu kowa sai agogunan Baba a jikin bango, da akwatin katako a tsakar ɗaki. Na kunna wayar na haska ta ramukan shan iskar akwatin. Sakatare na tsaye a kan sandarsa, baki a ɗan buɗe, wuyansa na rawa, jirgi na fitowa daga maƙogwaronsa.

Ga waɗanda yau suka fara bina, bari in ɗan koma baya.

Babana mai gyaran agogo ne, duk layinmu Mai Agogo ake kiransa. Tun kafin a haife ni wani direban babbar mota ya shigo shagonsa da aku a keji, ya ce a riƙe masa, zai je ya juyo da mota. Har Baba ya bar duniya yana cewa mutumin na hanya. Ya raɗa wa akun suna Sakatare, wai don duk abin da maigida ya faɗa sai ya maimaita, kuma ba ya taɓa aikata ko ɗaya. Toka-toka ne, jelarsa ja, idonsa kamar ƙwayar dawa ɓararriya. Idan ya karkata kai ya dube ka, sai ka ji kamar ya san wani abu a kanka.

Baba ya rasu shekara biyu da suka wuce, bayan doguwar jinyar ƙirji. Mutum ne da ya tsani waya. Bai taɓa yarda an ɗauki muryarsa ba, yakan ce murya ba kayan ajiya ba ce. Washegarin da aka kai shi, gida cike da masu gaisuwa, sai aka ji tarinsa daga ɗaki. Tarin nan nasa mai hawa-hawa, wanda yake rufewa da “Alhamdu lillahi.” Wata mata ta saki kofi ya fashe. Sannan muryar ta ce, “Uwargida, ina shayin?”

Inna, mahaifiyata, ba ta ko ɗago ba. Ta ce, “Yana zuwa, Malam.”

Haka muka rayu tun daga ranar. Kowace asuba tari, sannan neman shayi. Da rana, “Uwata, rufe ƙofa, ƙura za ta shiga agogo,” don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Idan baƙo ya yi sallama kuwa, “Ka dawo gobe, bai gyaru ba.”

Sai ga Dogo. Tare muka yi makaranta, yanzu yana wata ƙasa mai sanyi, yana aikin loda kaya a cikin jirage. Mutum ne mai sanyin hali, ko a waya sai ka ce masa ya ɗaga murya. Da ya turo manyansa, na gindaya masa sharaɗi ɗaya. Na rubuta masa: “Ni da Sakatare, ko kuma babu ni.”

Ya turo fuskar dariya. “Ashe mata biyu zan aura rana ɗaya.”

“Namiji ne, malam.”

“To na samu aboki. Ki fara neman takardu.”

Wallahi da na san abin da ake nufi da takardu, da ban yi saurin baki ba. Ashe fitar da ni daga ƙasa ya fi fitar da tsuntsu sauƙi. Irin Sakatare ba a fita da su sai da izini na musamman, sai ka nuna ba daga daji aka kamo shi jiya ba. Abin da ya cece mu wani tsohon hoto ne, ina jaririya a cinyar Inna, shi kuma a bayanmu yana cizon labule. Na yi ta zarya tsakanin ofis da asibitin dabbobi har takalmina ya buɗe baki. Sau biyu ana ɗaga ranar ɗaurin aure saboda takardar tsuntsu ba ta fito ba.

Gwaggo, yayar Baba, ta tare a gidanmu da sunan taya shiri. Ba ta taya komai sai magana.

“Wai ke zai aura ko kazar?” in ji ta, tana ninke mini zannuwa. “'Ya'yan mutane suna tafiya da akwatin turare, tamu da akwatin kashi.”

“Gwaggo, muryar ƙaninki ce fa a ciki.”

“Ƙanina yana inda Allah ya ajiye shi. Ki yi masa addu'a, ba ki saya masa kujerar jirgi ba. Yaron nan haƙurinsa yana da iyaka. In ya gaji ya auri wata a can, sai ki zauna ku yi ta tari ke da mijinki mai fukafuki.”

Na dubi Inna. Tana zaune a kan tabarma, da mayafinta mai ruwan toka wanda ba ta raba shi da kai tun rasuwar, tana ɓare wa Sakatare gyaɗa. Ta ce, “Ƙyale ta, Yaya. Ita ce za ta je baƙon wuri. Ta tafi da shi.”

Na ji daɗi. Ban sake tambayarta ba. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Likitar dabbobin wata 'yar gajeriyar mata ce mai tabon cizo a kowane yatsa. Ta ɗebi jinin Sakatare, ta sa masa wata 'yar na'ura kamar ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fatar ƙirji, wadda in an haska za ta faɗi lambarsa. Da sakamako ya fito ta ce ba shi da cutar tsuntsaye, sannan ta ƙara da cewa, “Af, kin san mace ce?”

Na yi dariya har da hawaye. Shekaru sama da ashirin Baba yana ce mata “abokina”. Gwaggo da ta ji ta ce, “Shi ya sa bakin ba ya rufuwa.” Amma ni har yau “shi” nake cewa, bakina ya ƙi juyawa.

Likita ta bayyana mini yadda tafiyar za ta kasance. Ba a kusa da ni zai zauna ba, a cikin cikin jirgi za a sa shi, wurin kaya. Akwatin katako mai ramuka, sanda ɗaya can ƙasa don kada ya faɗo, kofin ruwa mai soso a ciki don kada ya zube. Ba a ba shi maganin barci, zuciyar tsuntsu ba ta ɗauka. In ya sauka kuma za su killace shi wajen wata guda kafin su ba ni. Ta ce, “Ki riƙa sa shi a akwatin kullum na ɗan lokaci, ya saba da duhu da kaɗaici.”

Iyakar abin da ta ce ke nan. Sauran mu muka ƙara.

Da na faɗa wa Dogo, ya ce, “Ba duhun ne abin tsoro ba. Ƙarar ce. Ni nake shiga wurin kullum. Na taɓa sauke wani kare, ya cije ƙarfen kejinsa har haƙoransa suka karye. Ba na so ki buɗe akwati ki tarar da abin da zai sa ki tsane ni.”

Washegari ya turo saƙon murya mai tsawo. Ba magana a ciki. Ya tsaya ne kusa da jirgi da wayarsa a aljihun rigar aiki, ya ɗauko mini kukan injin tun daga tashinsa har ya kai ƙarshe. A ƙasa ya rubuta: “Ki riƙa kunna masa a hankali, kullum ki ƙara. Ranar tafiya zai ji kamar a gida yake.”

Ku faɗa mini, 'yan uwa, wace mace ce za ta karanta wannan zuciyarta ba ta narke ba? Wasu ana turo musu waƙa, ni an turo mini inji, kuma na fi su murna.

Na kai akwatin ɗakin Baba, inda muka jera agogunan da masu su ba su dawo karɓa ba. Kowanne ya tsaya a lokacin da ya ga dama, na kan bango yana cewa safe, na kan tebur yana cewa yamma. Na jona wayata da lasifika, na rufe ƙofa. Da farko ɗan lokaci kaɗan. Daga baya rabin yini. Daga baya na ce ai tafiyar doguwa ce, gara ya riƙa kwana a ciki.

Asubar farko da ya kwana a can, muka ji tarin ta bayan ƙofa. “Uwargida, ina shayin?”

Inna ta buɗe baki za ta amsa, na riƙe hannunta.

“Inna, don Allah kada ki amsa. A jirgi babu mai amsa masa. A wurin killacewa ma babu. Gara ya saba tun yanzu.”

Ta dube ni, ta dubi ƙofar. Ta ce, “To.”

Ya sake tambaya. Ya sake. Inna ta tashi ta shiga kicin, ta buɗe famfo da ƙarfi, ta daɗe tana wanke kofi ɗaya.

Haka muka yi makonni. Ni kuma hankalina ya tafi wurin tela da awon kaya da hoton fasfo. Ban lura da ranar da ya daina neman shayi ba. Ban lura da ranar da tarin ya tsaya ba. Sai daren nan na Laraba, da na tsaya a kansa da fitilar waya, yana yi mini jirgi tun daga tashi har lumewa cikin gajimare, babu kuskure ko ɗaya.

Da gari ya waye na fito da shi, na mayar da shi kejinsa na da, a bakin taga. Na ba shi ayaba. Na ce, “Sakatare, ina shayin? Ce ina shayin.”

Ya karkata kai. Jirgi.

Na yi tari, na kwaikwayi na Baba iyakar iyawata. Jirgi. Na fita na yi sallama da babbar murya kamar baƙo, ko zai ce in dawo gobe. Jirgi. Gwaggo ta toshe kunne da ɗankwali ta ce, “Mun shiga uku, da ƙanina ne a gidan, yanzu filin jirgi ne.” Amma ta faɗe shi a hankali, kuma ba ta ƙara komai ba, abin da ban taɓa gani ba.

Na koma wurin likita a guje, ko hoda ban shafa ba. Ta saurare ni har na gama, tana murza tabon yatsanta.

“Wa ya ce ki kunna masa ƙara?”

“Mun ga kamar zai taimaka.”

“Lafiyarsa ƙalau, tsoron jirgi kam ya fita. Amma aku ba rediyo ba ne. Abin da ake amsa masa shi yake riƙewa. Wanda ya faɗa aka yi shiru, a hankali sai ya ajiye shi. Da wa yake hira a gidan?”

Na ce, “Da Inna. Da safe kawai.”

Ashe ba da safe kawai ba ne. Gwaggo ce ta faɗa mini da na dawo, muna tsaye a bayan gida wurin shanya, muryarta ƙasa-ƙasa. Ta ce tun zuwanta take gani. Duk ranar da na fita zaryar takardu, Inna takan ja kujera gaban kejin da kofi biyu. Ta ba shi labarin tsadar kasuwa, da ciwon gwiwarta, da yadda nake rama. Shi ya yi tari, ta ce “Sannu, Malam.” Ya ce a rufe ƙofa, ta tashi ta rufe.

“Me ya sa ba ki faɗa mini ba, Gwaggo?”

“Ta hana ni. Ta ce ke yarinya ce, za ki je inda ba ki da kowa.” Ta yarfe rigar da ke hannunta. “Ke da kike gidan shekara biyu, sai ni baƙuwa zan faɗa miki?”

Na tambayi likita a waya ko muryar za ta dawo. Ta ce wataƙila, in ya zauna a inda ya saba, da mutumin da ya saba, aka yi ta jan sa da hira. Wataƙila kuma ba za ta dawo ba. In ya yi doguwar tafiya ya ƙara da wata guda a hannun baƙi masu wani yare, ita dai ba za ta yi mini alkawari ba.

Na kira Dogo. Yana wurin aiki, ina jin iska tana kaɗa wayar.

“Ki kunna masa muryar Baban mana,” in ji shi. “Yadda ya koyi wannan zai sake koyon waccan.”

“Ba mu da ita.”

“Ko ta shi Sakataren, lokacin da yake yi. Ba ki taɓa ɗauka ba?”

Na bincike wayata kaf. Hotunan atamfa, hotunan takardu, hotunan akwati ta kowane gefe. Bidiyo ɗaya tak na samu. Sakatare ya fara tarin ke nan, sai muryar Gwaggo ta rufe komai tana tambayar wanda ya ɗauke mata silifa. Wa yake ɗaukar abin da yake ji kowace asuba?

Dogo ya ce, “Ni na turo. Laifina ne.”

“Ni na kunna.”

Da yamma saƙonsa ya shigo: “Na sayi keji babba, na ajiye kusa da na'urar ɗumama ɗaki. In kin zo da shi ina murna. In kin bar shi ina murna. Amma takardarki ta shigowa ta kusa ƙarewa, ba za su sake sabunta mana ba. Ke dai ki zo.”

Takardar Sakatare ma haka take. Gwajin jininsa na ɗan lokaci ne, in ya wuce sai a faro komai daga tushe. Jibi ɗaurin aure. Gobe da safe motar kamfanin jigilar dabbobi za ta zo ɗaukarsa, don shi zai riga ni tashi.

Ɗazu da la'asar na fito da akwatin tsakar gida ina manna masa takardun da suka ba ni, masu hoton kibiya da ke nuna sama. Inna ta fito daga kicin da kofi biyu a faranti. Ta sa sabon mayafi, shuɗi, wanda Baba ya saya mata ba ta taɓa yafawa ba. Ta ja kujera gaban kejin. Ba ta damu da ina kallo ba. Ta buga cokali a jikin kofi, yadda take yi da.

“Ga shayin, Malam.”

Sakatare ya matso, ya karkata kai.

“Ya zo, Malam. Yi haƙuri, na daɗe.”

Ya buɗe baki. Na ajiye takardar da ke hannuna. Gwaggo ta tsaya cak a bakin ƙofa da tsintsiya a hannu.

Ƙarar ta faro can ƙasa-ƙasa, ta hau, ta sirance. Inna ta zauna ta saurare ta har ƙarshe, kamar yadda ake sauraron babba in yana magana. Da ya gama ta ɗauki kofinta ta kurɓa.

Na durƙusa a gabanta. “Inna, zan bar miki shi. Likita ta ce in kina yi masa hira, wataƙila...”

“A'a, Uwata.” Ba ta taɓa kirana da sunan nan ba, na Baba ne shi kaɗai. “Kin sha wahala a kansa. Ki tafi da abinki. Ni kullum in ji jirgi a ɗaki, in tuna shi ya ɗauke ki? Ba zan iya ba.”

“To in ya tuna a can fa, ba kya nan?”

“Sai ki amsa masa. Kada ki bar shi yana tambaya.”

Wayata ta yi ƙara a aljihu. Direban kamfanin ne, yana so in tabbatar masa da zuwan gobe. Ban buɗe ba. Ina riƙe da ita ke nan aka yi sallama, maƙwabciyarmu Mai Ɗinki ta shigo da rigar ɗaurin aurena a kafaɗa, fara mai aikin zare a wuya. Tsohuwa ce mai zaman kanta, katanga ɗaya ce tsakanin gadonta da tagarmu.

“Amarya, zo ki gwada, in akwai gyara in yi kafin ido ya gaza.” Ta ajiye rigar a kan igiya, ta gaishe da Inna, ta gaishe da Gwaggo. Sai ta hango kejin, ta tsaya.

“Au, ashe yana nan? Na zaci kun tura shi tuntuni. Ni fa da tarin nan nake tashi sallar asuba, shekara da shekaru, tun maigidan nan yana raye har bayansa. Kwanan nan sai rana ta fito nake farkawa.” Ta matsa kusa, ta leƙa Sakatare, ta dubi kofi na biyu da ke hucewa a faranti, sannan ta dube mu ɗaya bayan ɗaya.

“To ga tsuntsun ina gani. Mai Agogon fa, ina kuka kai shi?”